Tsakanin Hawa da Sauka

A Balfaraiso, inda gidaje suka maƙale a jikin dutse
kamar awaki masu fenti,
ni ne mai jan taragon da ke kai mutane unguwar sama.
Shekara talatin da ɗaya ina murɗa ƙarfe guda:
igiya ta yi ƙara, tarago ya hau, ɗan'uwansa ya gangaro.
Tsakanin hawa da sauka sai zaman jira,
jira kuwa gonar mai karatu ce.

Littafi biyu na cinye a sanyin bana.

Na fari mai kauri ne, ya fi tubali nauyi.
A bakin tashar jiragen ruwa na saye shi,
iskar gishiri ta lashe bangonsa har ya yi laushi.
Cikinsa akwai birnin da ba a shiga da inuwa;
a bakin ƙofa za ka tuɓe taka, mai gadi ya rataye,
ya miƙo maka ƙwayar tagulla shaida.
Wata mai gyaran fitilu ta yar da ƙwayarta a kasuwa,
shafi ɗari shida tana cigiya.
Ta ƙetare kogin da ke gudu da baya,
ta yi ciniki da macijin da ba ya karɓar kuɗi
sai sunan da uwarka ke kiranka da shi.
Na bi sawunta har na manta inda nake,
sai da tsoho Rigoberto ya ƙwanƙwasa gilashi da sandarsa:
"Abelardo! Mu ma ka rataye mu ne? Ja mu, ruwa na dukanmu!"

Na biyun tsintuwa ne, a kan benci aka bar shi,
siriri, da tabon kofi a gefe,
ba jarumi, ba mugu, ba wanda ya mutu,
tarkacen sani ne kawai, kamar aljihun yaro.
Wai ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa bakwai ne,
daidai da nawa, ni da ba na hango bayan katanga.
Wai dodon koɗi, wannan lagwani,
bakinsa cike yake da dubban haƙora.
Wai dabbar tekun nan mai hannu takwas
zuciya uku take ɗauke da su.

Ranar Lahadi na tarar da Fresiya tana yanka ta a faranti,
na ce, "Kin san zuciya uku kike shirin dafawa?"
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Kai mai guda ɗaya,
ta tuna maka da kuɗin wuta?"

To, ga abin da ya hana ni barci:
macijin nan mai cin sunaye ban taɓa musa shi ba,
na karɓe shi hannu biyu kamar maƙwabci.
Amma haƙoran dodon koɗi?
Sai da na kama ɗaya a jikin tukunyar fure,
na sa tabarau, na zura ido,
ina neman gaskiya ta rantse mini.

Ban faɗa muku ba:
ganyen ƙarshe na babban littafin a yage yake.
Wani ya naɗe kifi da shi, ko ya hura wuta,
ban sani ba ko ta samu inuwarta.
Na duba ƙaramin, ko zai taimaka;
ya san nisan wata, ya san shekarun kunkuru,
wannan kam bai sani ba.

Jiya da yamma, rana na nutsewa cikin teku,
na fito shan iska a bakin dandamali.
Sai ga tawa inuwar, doguwa, siririya,
ta kwanta a kan titin ƙarfe,
ta riga tarago hawa.
Na laluba aljihu ban shirya ba.
Tsabar canjin fasinja ce kawai,
sai ƙararrawa ta kaɗa daga ƙasa.